"Mma, mun wuce Nkawkaw": aikin asibiti da girkin zuwan ba-zata a wani gida a Aboabo

Gidan da mutanensa

Matar da wannan bayani ya shafa ma'aikaciyar jinya ce da ke zaune a Aboabo, cikin Kumasi. Shekarunta 56 lokacin da abin ya fara. Tana aiki a wani ƙaramin asibitin gwamnati ta wajen Tafo, a sashen mata da yara, kuma ita ke kula da firjin allurar rigakafi. Aikin na karɓa-karɓa ne: na safe daga ƙarfe 8 zuwa 2, na rana daga 2 zuwa 8 na dare, na dare kuma daga 8 har 8 na safe. Wata-wata ake fitar da jadawali. Daga gida zuwa wurin aiki rabin awa ne in hanya ta yi kyau, in ta cushe kuwa sai an ci awa guda. Tana shan maganin hawan jini.

Maigidan, Alhaji, tsohon direban babbar mota ne. Ya yi shekaru yana jigila tsakanin Tema da Wagadugu, yanzu ya ajiye sitiyari yana zaman shagon ƙaninsa a Suame. Bai taɓa ɗora tukunya ba, ba a kuma taɓa sa ran zai ɗora ba.

'Ya'yansu huɗu. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, tana aure a Madina cikin Akra, da yara biyu. Mai bi mata namiji ne, yana aikin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, wani lokacin ya rako motocin da za su arewa. Na ukun malamin makaranta ne a Tamale. Auta mace ce. Har ƙarshen 2021 ita ke riƙe da kicin duk ranar da uwar ke wurin aiki, shi ya sa babu wanda ya taɓa lissafa nauyin girkin gidan. A farkon 2022 ta tafi jami'a a Cape Coast.

2022: yadda abin ya fara

Kumasi tsakiya take. Wanda ya taso daga Akra zai je arewa sai ya ratsa ta, wanda ya fito daga Tamale zai gangara kudu ma haka. Ga suna, ga ɗaurin aure, ga ta'aziyya, waɗanda ba sa yankewa a zango. Saboda haka a wata guda sai yaran su leƙo sau biyu ko uku, wani shi kaɗai, wani da aboki, Yaya da jikoki.

Ba sa faɗin ranar zuwa, sunan gari suke faɗa. Daga Akra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, tafiyar awa biyar zuwa shida a bas. In yaro ya ce "mun wuce Nkawkaw", saura kamar awa biyu. In ya ce Ejisu, ko awa guda ba a kai ba. Na Tamale kuwa daga Techiman yake kira.

Wata Alhamis a watan Mayu tana aikin rana, wajen huɗu da rabi, na Tema ya kira.

"Mma, mun wuce Nkawkaw, ni da abokan aikina biyu. Wallahi tuwonki nake marmari."

"To, Allah Ya kawo ku lafiya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce tana wurin aiki ba. Ta tashi ƙarfe 8, ta tsaya a bakin hanya ta sayi ayoyon da ya yini a rana duk ya yi yaushi, ta samu ragowar nama wurin mahauci yana shirin rufewa, ta shiga gida tara saura. Ko kayan aiki ba ta cire ba, zane ta ɗaura a kai. Ta kunna kan gas biyu, ta hura gawayi a tsakar gida don naman, ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana tsinkar ganye ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya, tana tashi tana juya jar miya kada ta kama. Samari uku suna falo suna kallon ƙwallo tun magariba. Sha ɗaya da kwata aka kai musu tuwo. Ta kwanta ƙarfe ɗaya, washegari kuma aikin safe gare ta.

In aka warware wannan girki, ga inda lokacin yake tafiya: cefane kusan awa guda, kai markaɗe inji da bin layi rabin awa, tafasa naman shanu awa guda ko fiye, soya jar miya har mai ya taso minti 45, tsinkar ayoyo rabin awa. Tuƙa tuwon kansa bai wuce minti 25 ba, kaɗa ayoyo da kanwa da daddawa minti 10. Ko an haɗa wasu ayyukan a lokaci guda, ba a tsira da ƙasa da awa uku. Waakye, wato shinkafa da wake irin ta Ghana, ya fi haka, don sai wake ya jiƙu ya dahu da karan dafi kafin a zuba shinkafa, ga shito, wato baƙin yajin da ake soyawa da mai da garin kifi, ga taliya, ga ƙwai, ga ganda.

Da wata abokiyar aikinta ta ce ta riƙa ba su shayi da burodi kawai, cewa ta yi: "Yaro ya taso tun daga Tema, in tarbe shi da burodi? Uwarsa ta mutu ne?"

A shekarar kuma kuɗi ya lalace. Hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba 2022. Cefanen gaggawa, wanda ake yi da dare ba ciniki ba zaɓi, shi ne mafi tsada a cikin cefane.

Yuni zuwa Oktoba 2022: musayar aiki

Abin da ta fara yi shi ne roƙon abokan aiki su tsaya mata. Da an kira ta, sai ta nemi wadda za ta karɓe ta, ta biya daga baya. Amma wadda ta tsaya miki ranar Talata da rana, daren Asabar za ta ce ki biya ta. Zuwa Oktoba ana bin ta bashin aiki biyar, uku na dare ne. Shugabar ma'aikatan jinya ta kira ta ofis ta yi mata magana cikin mutunci, ta ce jadawali ba zai yiwu haka ba. A makon ta auna jininta ta samu 160 bisa 100. Ta biya bashin, ta daina.

Ƙarshen 2022: saye a waje

Daga nan ta koma aiken yaron maƙwabta da kula. Matsala ta farko ta lokaci ce. Masu waakye na kirki da safe suke fitowa, kafin azahar sun kankare tukunya. Masu tuwo ma ba sa kaiwa dare. Abin da ke kan titi bayan isha'i shi ne indomi, shayi da ƙwai, tsire, da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da kifi.

Ranar da aka dace aka samu, sai ta juye a tukunyarta, ta ɗumama, ta zuba a kwanukan gida. Na Tamale ya yi loma ɗaya ya ɗago kai yana murmushi.

"Mma, wannan ba hannunki ba ne."

Ba da faɗa ya faɗa ba, ya kuma cinye. Alhaji bai ce komai ba, ya dai bar rabi ya wanke hannu. Ba a yi wata guda ba maganar ta dawo mata a gidan suna, cikin raha irin ta mata: wai ma'aikata yanzu da kula suke tarbar 'ya'yansu. Ga kuma kuɗi: abincin mutum shida na saye, da nama, ya ninka na girkin gida. Ta bari.

Abu ɗaya ne ya tsira daga wannan gwaji. Koko da ƙosai da masa na safe, babu wanda ya taɓa ɗaga kai a kansu, domin kowane gida a Aboabo saye yake yi.

Janairu zuwa Yuli 2023: firiza

Da ta ɗauki adashi a Janairu, ta sayi firiza irin mai murfi a sama, mai cin kusan lita 200, ta ajiye a ɗakin ajiya. Ranar hutunta ta wuni tana girki: tukunyar miyar gyaɗa, tukunyar jar miya, waakye, har da tuwo malmala-malmala a leda. Ta zuba miyar a manyan robobi masu cin lita biyar.

Tuwon ne ya fara ba ta kunya. Ya fito yana tsatsafar ruwa, yana wargajewa a hannu, ko an turara shi ba ya komawa yadda yake. Alhaji ya ce a ba kaji. Waakye ya fito a dagargaje.

Robobin ma ba su biya ba. Ƙanƙarar miya ta lita biyar sai ta kwana kafin ta saki. In aka matsa aka juye ta a tukunya, ƙasa na ƙonewa tsakiya na nan kamar dutse. Kuma don mutum biyu sai an narkar da duka, a ɗiba, a mayar da saura. A karo na uku miyar gyaɗar ta yi tsami.

Akwai wadda ta lalace tun kafin ta shiga firiza. Babbar tukunya ba ta hucewa da wuri, sai ta bar ta a rufe ta kwana, da safe a zuba a roba. A zafin Kumasi na Maris, kafin asuba miyar gyaɗa ta fara kumfa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi. Ita da kanta take faɗa wa masu jego wannan magana a asibiti, amma ba ta taɓa kawo ta kan tukunyarta ba.

Babbar asarar ta zo bayan layya. An yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni. A da takan kwana biyu tana suyar naman rago har ya bushe, a zuba a garwa da mansa, ya yi watanni. Bana da yake akwai firiza, sai ta zuba shi ɗanye. Ranar wata Juma'a a farkon Yuli, yaron masu haya a gidan ya zare filogin firizar ya sa na dutsen guga zai goge kayan masallaci, ya manta bai mayar ba. Firizar rabi ce, sauran duk fili. Ba a buɗe ba sai Litinin, wari ne ma ya kai mutane wurin. Cinya biyu da haƙarƙari da robobin miya uku, duk aka haƙa rami aka binne.

Agusta zuwa Oktoba 2023: dokar kwana uku

Ranta a ɓace ta yi saƙon murya a zauren WhatsApp na gidan: daga yau duk mai zuwa ya sanar da kwana uku, in ba haka ba kada ya sa ran tuwo. Lokacin ma albasa ta yi tashin gwauron zabo, don bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli an rufe iyakoki, motocin albasa sun maƙale a hanya.

Yaran duk suka amsa da "To, Mma, Allah Ya huci zuciyarki." Suka kuma bi dokar, amma ba ta hanyar da ta zata ba. Rasuwa ba ta ba da kwana uku. Na Tema kuma bai san ranar tafiyarsa ba sai an saki kaya, wani lokacin da safe a ce masa da rana za a tashi. Sai ya daina kira. Sau biyu ya ratsa Kumasi ya kwana wurin abokinsa, ba ta sani ba sai da wata maƙwabciya ta ce mijinta ya gan shi a masallacin Juma'a. Na Tamale ya zo sau ɗaya, ya tsaya ya ci abinci a tasha, da ta tashi za ta shiga kicin ya ce, "Ki zauna, Mma, a ƙoshe nake."

A cikin wata biyu da rabi, zuwa biyu kawai aka yi. Jininta ya sauka, ta samu barci. Amma ta gaya wa Yaya a waya cewa gara gajiyar da wannan. Ta janye dokar a tsakiyar Oktoba, ba tare da ta san abin da za ta sa a madadinta ba.

Nuwamba 2023: rasuwar wan Alhaji

Wan Alhaji ya rasu da asubar wata Talata, aka yi jana'iza bayan la'asar. Kafin isha'i yaran huɗu duk sun iso, da jikoki da mijin Yaya. Ita kuwa aikin dare gare ta, kuma bayan abin da ya faru a bara ba ta da bakin neman musaya. Ta dawo daga gidan rasuwa, ta sa kayan aiki, ta fita ƙarfe 7. A cikin mota ta yi wa Yaya saƙon murya: akwai jar miya da nama a firiza, gari yana cikin bokiti mai shuɗin murfi, ku yi haƙuri.

Da ta dawo da safe ta tarar da tukwane a wanke a kife, nata tuwon a kula. Yaya ce ta yi miyar kuka. Na Tema ya kai markaɗe ya sayo gawayi. Wanda ya tuƙa tuwon mutum tara kuwa na Tamale ne. Shekara uku yana zaune shi kaɗai yana girka wa kansa, uwarsa ba ta taɓa sanin ya iya riƙe muciya ba.

Daren sadakar uku suka zauna ita da Yaya a tsakar gida.

"Mma, girki bai gagare mu ba. Abin da ya ba mu wuya sanin inda kika ajiye kaya. Roba biyar na buɗe kafin in gane wacce ce miya. Daddawa sai a cikin gwangwanin madara na same ta."

"Ai ba ku taɓa tambaya ba."

"Duk ranar da na shigo kicin cewa kike in je in huta, na sha hanya. Tun ina amarya."

Uwar ta yi shiru, can ta ce, "To, yanzu ya kike gani?"

Disamba 2023: tsarin da ya zauna

Abin da suka fara yi shi ne raba girki gida biyu: abin da ke cin lokaci amma ba ya ƙin sanyi, da abin da dole a yi shi sabo amma ba ya ɗaukar lokaci. Na farkon kaɗai ke shiga firiza: soyayyar jar miya, tafasasshen nama da romonsa, markaɗen tumatir da attaruhu da albasa da aka tafasa ruwansa ya tsotse, soyayyen zabo, da wake da aka dafa da karan dafi da 'yar kanwa ya kusa nuna, aka ajiye shi cikin jan ruwansa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ta mamaki. A juye shi a tukunya, a wanke shinkafa a zuba, cikin minti 35 ga waakye mai launinsa da ƙamshinsa, ba wanda zai ce ba yau aka jiƙa waken ba. Tuwo da shinkafa ba sa shiga firiza ko kaɗan. Miyar gyaɗa ma an daina ajiye ta dafaffiya. Niƙaƙƙiyar gyaɗa na nan a kwalba, in ana so a dama ta da romo da markaɗe a bar ta ta dahu har mai ya fito.

Sai girman ƙunshi. An watsar da robobin lita biyar. Kowane abu a leda mai kauri, rabin lita, cin mutum biyu, a kwantar da ita a daddanna ta yi faɗi, kaurinta kada ya wuce yatsa biyu. Irin wannan in aka jefa ta a ruwa minti 20 ta saki. Mutum biyu leda ɗaya, mutum shida leda uku, kuma abin da ya fito ba ya komawa. Don hucewa da wuri, tana tsoma gindin tukunya a bahon ruwan sanyi tana juyawa, ta sauya ruwan sau biyu, kafin awa biyu komai ya shiga firiza. A jikin kowace leda akwai salatif da sunan abin da ranar da aka yi shi, tsohon ajiya a sama, sabo a ƙasa.

Nan aikinta ya yi mata rana. A asibiti allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, ana duba ma'auni safe da yamma, ana jera robobin ƙanƙara don ranar da wuta za ta ɗauke, kuma wadda ta fi kusa da lalacewa ita ake fara amfani da ita. Duk ta kwaso ta kawo gida. Ta cika filin da ya rage a firiza da gorunan ruwa, domin cikakkiyar firiza in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda take rabi kuwa kusan 24. Aka kira mai gyaran wuta ya yi wa firizar soket nata ita kaɗai, a bayanta inda hannu ba ya kaiwa.

A kan kanta kuma akwai abin da bai san wuta ba: garin masara da na rogo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin kifi, kanwa, garin kwaki, taliya, da kwalbar shito da mai ya rufe samanta. Kowane gwangwani da sunansa. Ta ƙara ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 a gefen babbar mai kilo 14.5, saboda gas ba ya ƙarewa sai tuwo na kan wuta. Aka liƙa takarda a murfin firiza mai nuna abin da ke ciki da yadda ake haɗa kowane.

Girkin ajiyar rana ɗaya ne cikin mako uku, kamar awa huɗu zuwa biyar.

Maganar sanarwa ma aka sauya ta. Ba kwana uku ba: ka kira lokacin da ka shiga mota. Kuma garin da ka kira daga shi, shi zai yanke abin da za ka ci. Wanda ya kira tun daga tashar Circle ta Akra ko Tema ko Tamale yana da zaɓi, waakye ko tuwo da ɗanyen ayoyo ko tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Wanda ya kira daga Nkawkaw ko Techiman, tuwo da kuka ko shinkafa da jar miya. Wanda sai a Ejisu ya tuna yana da uwa, makulli na wurin maƙwabciya, takarda na kan firiza. Wanda duk ya riga isowa shi ke ɗora ruwa.

Kowa ya samu nasa kason. Na Tamale yana zuwa da zabi da daddawa da doya, waɗanda suka fi araha a can. Yaya tana kawo busasshen jatan lande da ƙananan kifi daga Akra, in ta kwana biyu su soya shito tare. Na Tema, wanda bai iya komai ba sai dafa shinkafa, yana turo kuɗin nama da gas ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk wata, yana ƙorafin E-levy, harajin da ake cirewa a kan irin wannan turawa, har aka soke shi a 2025. Karin safe kuma koko da ƙosai ne daga bakin titi, ba kunya ba ɓoyo.

Saura Alhaji. Yaya ce ta same shi, ta durƙusa ta ce, "Baba, alfarma muke nema. In an kira, ka ɗauko leda biyu daga firiza ka sa a baho da ruwa. Shi ke nan." Ya yi ɗan nazari ya ce ai wannan ba girki ba ne, ya yarda. Shi ya ɗauki nauyin sa kuɗin mitar wuta kuma.

2024: gwaji

A farkon 2024 dumsor ya dawo, ana ɗauke wuta ba sanarwa. Mafi tsawo da suka gani a layinsu ya kai daga safe har tsakar dare. Ba a buɗe firizar ba, ba abin da ya narke.

Cikin azumi, a watan Maris, na Tema ya kira daga Konongo wajen ƙarfe 5 na yamma, uwar tana aikin rana. Ta kira Alhaji, ya fito da miya da nama. Yaron ya iso dab da shan ruwa, ya sayo koko da ƙosai a bakin layi, bayan magariba ya dafa shinkafa ya ɗumama miya har ta tafasa, suka ci shi da uban. Ta dawo tara saura ta tarar da nata a rufe. A ranakun da take gida, tuwo da kuka ko waakye ba ya wuce minti 40 zuwa 45 daga kunna wuta zuwa zubawa. A shekarar gaba ɗaya sau ɗaya ta nemi musayar aiki, shi ma don sunan jika ne. Zuwan yaran ya koma yadda yake a da, har ya ɗan fi.

Ba komai ne ya daidaita ba. Ta gwada yanka ayoyo ta daskarar, ya fito yauƙinsa ya ragu, Alhaji ya gane tun daga ido. Ayoyo dai sai ɗanye. Kuɗin wuta ya ƙaru. Ranar girkin ajiya daga cikin ranakun hutunta take fita, kuma ranar da ta biyo bayan aikin dare tana jin ta a gadon baya. Auta ta yi ƙorafin cewa duk hutun da ta zo ita ake bar wa cika firiza, yayyenta maza su zo su kwashe. Na Tema har yau daga Ejisu yake kira sau da yawa. A ƙarshen shekarar ya yi aure, kuma shigar amarya kicin ɗin surukarta magana ce mai nauyin kanta: uwar ba ta son a ce ta sa 'yar mutane aiki daga zuwa, amaryar ba ta son a ce ta zauna surukarta na girki. Zuwa yanzu tare suke shiga.

Abin da lamarin ya nuna

Firizar da ta ci naman layya ita ce dai wadda ta riƙe gidan a 2024. Ba sayen na'ura ne ya kawo sauƙi ba, sanin abin da za a sa mata ne, da girman da za a sa shi, da abin da za a hana ta. Wannan ɓangare kowa zai iya kwaikwaya, kuma rabinsa, wato kuka da kuɓewa da shito da suyar nama, ba ya buƙatar wuta sam. Hakan na da muhimmanci a gidajen haya na zango inda mita ɗaya ce ga ɗakuna goma, firiza kuma rigima ce.

Amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Musayar aiki da saye a ɓoye da manyan robobi, duk ukun an gina su ne a kan cewa ita kaɗai za ta ciyar da kowa, kuma kada a ga alamar wahala. Yaran na shigowa babu sallamar kwana uku saboda gidansu ne, ita kuma tana tarbar su da hidimar da ake yi wa baƙo. Dokar kwana uku ta gyara rabin farko ne ta hanyar mayar da su baƙin gaske, masu neman izini, shi ya sa suka janye jiki. Tsarin Disamba ya bar su da 'yancin ɗan gida, ya kuma ɗora musu aikin ɗan gida. Ledar da Alhaji ke tsomawa a baho da makullin da ke wurin maƙwabciya sun rage mata aiki fiye da lita 200 na ƙanƙara, domin su ne suka sa girki ke farawa ba sai ta dawo ba. Ba na jin za ta yarda da wannan da an kawo mata shi a matsayin shawara. Sai da aikin dare ya fitar da ita daga gida a ranar da kowa ke nan, ta dawo ta ga an ci an ƙoshi.

A 2026 za ta cika 60 ta yi ritaya. Ta riga ta faɗa cewa da ta ajiye aiki za ta koma girka komai sabo, firiza ta zama ta ruwan sanyi da zoɓo. Yaya ta ce ba za ta saɓu ba, hawan jinin ai ba ritaya zai yi ba. Na Tamale yana bayan Yaya, na Tema yana bayan uwarsa, Alhaji ya ce shi dai a bar masa bahonsa ko a karɓa, duk ɗaya ne.